Wasannin da Auta Ta Goge

A unguwar Rusaifa, cikin garin Makka, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata. Kakanninta sun zo aikin hajji daga Kano tun da daɗewa, suka zauna. Ita a Makka aka haife ta. A makaranta Larabci take yi. A gida kuwa Hausa da Larabci tare suke fita daga bakinta.

Mahaifinta ya rasu tun tana goye. Daga ita sai Umma, sai yayanta Mudassir.

Yaya Mudassir ya yi karatu a Amurka. Ya dawo da digiri, ya kuma dawo da wani ciwo da Umma ta ce ba shi da magani, wato son ƙwallon Amurka.

Ƙwallon nan ba irin wadda muka sani ba ce. Doguwa ce kamar gwanda, kuma da hannu ake jefa ta. 'Yan wasan suna sa hular kwano, su yi ta gware da juna.

Umma takan leƙa talabijin ta ce, "Wannan ai ba wasa ba ne. Kokawa ce da hula."

Ƙungiyar Yaya ta garin da ya yi karatu ce, wani gari mai tsananin sanyi. Shuɗiyar riga suke sawa. Wanda ya fi so a cikinsu shi ne mai jifa, ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo ya jefa wa 'yan'uwansa. In Yaya ya fara yabon mai jifan nan, sai shayinsa ya huce bai sha ba.

Wata rana, ana gab da fara kakar wasa, Yaya ya yi haɗari da mota a hanyar Jidda. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Gwiwar kuma ta ji ciwo sosai. Ya yi watanni a asibiti, ana aiki bayan aiki. Kafin a sallame shi, kakar wasa ta zo ta wuce, bai ga ko wasa ɗaya ba.

Ranar sallama likita ya kira Umma gefe. Auta tana riƙe da gefen abayarta, ta ji komai.

Likita ya ce, "Zai yi tafiya in Allah ya so, amma da ɗingishi. Ƙafar ba za ta koma yadda take ba. Kuma dole ya riƙa motsa gwiwar kullum. In ya bari ta sandare a watannin nan, to sai dai keken marasa lafiya."

Umma ta share ido da gefen mayafi. Da ta koma wurin Yaya sai ta yi murmushi ta ce, "Duktur ya ce za ka warke garau, ya waladi, ɗana. Motsa jiki kawai ya rage."

Auta ta ɗaga kai ta dubi Umma.

Da suka dawo gida, Yaya ya zama wani mutum dabam. Ba ya dariya. Ba ya son baƙi. Motsa gwiwar akwai zafi, in ya yi sau biyu sai ya juya fuska bango.

Sai abokinsa Bandar ya zo daga unguwar Ka'akiyya da wani ɗan ƙaramin filash, bai fi yatsa ba.

Ya ce, "Duk wasannin ƙungiyarka na kakar da ta wuce suna ciki. Na tara maka su tun kana mustashfa, kana kwance a asibiti."

Yaya ya tashi zaune. Ya ce, "Kada ka gaya mini yadda ta ƙare."

"Ni ina ruwana da yadda ta ƙare? Ban ma san dokar wasan ba."

Gaskiyar Bandar. A duk Rusaifa babu wanda ya damu da ƙwallon Amurka. Kowa ƙwallon ƙafa yake kallo. Ko Yaya ya fita titi yana tambaya, ba zai sami mai ba shi labari ba.

A ranar Yaya ya kafa wa kansa doka. Ba zai duba sakamako a waya ba. Zai motsa gwiwarsa kullum, safe da yamma. In ya cika mako bai yi fashi ba, ranar Juma'a bayan la'asar zai kalli wasa ɗaya. Ɗaya tak.

Ya ce wa Auta, "Ke ce mai kunna mini, tunda ba na iya kaiwa wurin kwamfuta. Ki bi su a jere. Na ba ki amana."

"Tayyib, na ji, Yaya," in ji Auta. Ta ji kanta ya yi girma.

Juma'a ta zama ranar da aka fi so a gidan. Umma ta dafa shayi da na'ana'a. Auta ta haɗa kwamfuta da talabijin, ta zauna a ƙasa kusa da gadon Yaya. Shi kuma ya sa shuɗiyar rigarsa a kan jallabiya.

Yana koya mata wasan. "Kin ga layin can na ƙarshe? Duk wanda ya kai ƙwallo can ya ci maki shida."

"To me ya sa suke tsayawa kowane lokaci?"

"Shawara suke yi."

"Sun fi matan unguwarmu shawara," in ji Umma daga kicin.

Ƙungiyar ta ci wasan farko. Ta ci na biyu, ta ci na uku. Yaya ya fara dariya. Yana motsa gwiwa yana cije leɓe, gumi yana zuba, amma ba ya fashi. Har ya fara tsayawa da sanduna biyu.

A cikin makon nan maƙwabcinsu Baba Ɗan'auta ya rasu. Tsoho ne, shi ya koya wa Yaya karatun Alƙur'ani yana yaro. Umma ta je ta'aziyya ta dawo, ta ja Auta ɗaki ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Kada ki gaya wa yayanki."

"Don me, Umma?"

"Ba a kai wa mara lafiya mugun labari. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi. Sai ya ji ƙarfi tukuna."

Auta ta gyaɗa kai. Maganar ta zauna mata daram a zuciya.

Ranar Laraba Umma ta bar wayarta a kan tebur ta shiga wanka. Auta ta daɗe tana son sanin ƙarshen labarin. Ta ce a ranta, ai Yaya kansa ya hana, ni bai hana ni ba. Ta kwafi sunan ƙungiyar daga jikin rigar Yaya, ta rubuta a wayar.

Turancinta kaɗan ne, amma ba ta buƙaci Turanci ba. Wasan da aka ci an yi masa alamar kore. Wanda aka sha kashi an yi masa ja. Kore uku ne a sama. Daga nan sai ja, ja, ja, har ta gaji da ja.

Ƙasa da haka akwai hoto. Mai jifa ne kwance a fili, yana riƙe da ƙafarsa. Mutane sun kewaye shi da gadon ɗaukar marasa lafiya.

Gabanta ya faɗi. Ƙafar dama ce, irin ta Yaya.

Ta ajiye wayar. Ta tuna yadda Yaya yake juya fuska bango. In ya ga mai jifa a kwance, yaya zai yi? Sai maganar Umma ta dawo mata. Ba a kai wa mara lafiya mugun labari.

Yaya yana barcin rana. Ta ɗauki kwamfutar a hankali ta fita falo. Ta nemo duk wasannin da aka yi wa ja, ta goge su ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata.

Wasa biyu kawai suka rage a can ƙarshen kakar, duka kore.

Ta koma ɗaki tana jin ta yi abin kirki. Ko tunanin gaya wa Umma ba ta yi ba.

Juma'a ta zo. Shayi ya zo. Auta ta kunna wasa, ta zauna a wurinta.

Yaya ya ƙura wa talabijin ido. Can ya ce, "Ƙanƙara?"

Farar dusar ƙanƙara tana sauka a filin. 'Yan kallo sun dunƙule cikin manyan riguna, hayaƙi yana fita daga bakinsu.

Ya ce, "Makon jiya rana ake yi, mutane da ƙananan riguna. Na zauna a garin nan shekara huɗu. Ƙanƙara ba ta sauka a farkon kaka."

Auta ta ce, "Wataƙila bana ta yi sauri."

Yaya yana sauraren mai sharhi. Fuskarsa tana canzawa a hankali. Sai aka nuno gefen fili. Ga mai jifa tsaye cikin kayan gida, ya dogara da sanduna biyu.

Yaya ya ce, "Tsayar."

Ta tsayar.

"Mai sharhi ya ce sun daɗe rabonsu da nasara. Ya ce mai jifa ya karye tun wasa na huɗu. Auta, ina wasa na huɗu?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ina sauran?"

"Na goge," ta ce, muryarta can ƙasa.

Umma ta shigo da farantin dabino, ta tsaya a bakin ƙofa. Auta ta jira faɗa. Da ma faɗan ya yi, da ya fi mata sauƙi. Amma Yaya bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Wato ko wasan ƙwallo ba a yarda in gani ba. An mayar da ni jariri." Ya dubi Umma. "In yarinya ƙarama ta iya ɓoye mini wannan, ku manya me kuke ɓoye mini? Umma, me duktur ya ce game da ƙafata?"

Umma ta ce, "Ai na gaya maka, ya waladi. Za ka warke garau."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya cire shuɗiyar rigar, ya ajiye a ƙasa.

Ya ce, "Khalas, shi ke nan. Ku kashe talabijin."

Daga ranar Yaya ya daina motsa gwiwa. Sandunan suna jingine a bango, ba ya ko kallonsu. Abinci sai ya ci loma biyu ya ture. An ja labulen ɗakin, dare da rana duhu.

Umma ta lallashe shi. Ya ce, "Don me zan sha wahala? Na san ba zan sake tafiya ba. Shi ya sa kowa yake yi mini murmushi."

"Wallahi za ka yi tafiya."

"Haka za ki ce ko da ba gaskiya ba ne."

Ranar da mai koya masa motsa jiki ya zo, ya taɓa gwiwar ya girgiza kai. Ya ce wa Umma ta fara yin tauri. Auta tana bayan ƙofa, ta ji. Ta tuna keken marasa lafiya da likita ya ambata. Ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji kukanta.

Ta gwada kai masa shayi. Ya ce, "Ajiye." Ta gwada ba shi labarin makaranta. Ya ce, "Ina so in huta." Bai zage ta ba, bai kore ta ba. Amma ya daina kiranta Auta da muryar nan ta tsokana, kuma wannan ya fi komai yi mata zafi.

A makaranta ma abin ya bi ta. Ta daina fita wasa. Malamarsu, Abla Jawahir, ta lura. Ita ma jikar Hausawa ce, gidansu ba nisa da Rusaifa. Da aka fita tara ta ce Auta ta tsaya.

Ta ce da Hausa, "Ke da bakinki ba ya hutawa, kwana nawa ban ji muryarki ba. Esh fi? Me ya faru?"

Auta ta fashe da kuka. Ta ba ta labari tun daga farko.

Ta ƙare da cewa, "Abla, ni taimakonsa na so in yi. Umma ta ce ba a kai wa mara lafiya mugun labari."

Abla Jawahir ta miƙa mata hankici. Ta ce, "Na san wannan al'ada. Mu ma a gidanmu ana yi. Tausayi ne ya kawo ta. In mutum yana kwance rai a hannun Allah, ana jinkirta masa labari har ya farfaɗo. Amma jinkirtawa daban, sauya gaskiya daban."

"Ban yi ƙarya ba, Abla. Gogewa kawai na yi."

"Da ya yi miki zancen ƙanƙara, me kika ce?"

Auta ta sunkuyar da kai tana murza hankicin.

"Kuma wasannin na waye?"

"Nasa."

"Me ya ce miki ranar da ya ba ki aikin?"

"Ya ce ya ba ni amana."

"To kin gani. Kin yanke masa hukunci a kan kayansa, ba ki tambaye shi ba, ba ki tambayi Ummanki ba. Yanzu ko labari mai daɗi kuka kawo masa, ba zai yarda ba. Wannan shi ne babban abin da ya ɓace, ba wasannin ba."

"To yaya zan yi?"

"Ki fara da abin da za ki iya gyarawa. Sannan ki yi magana da Ummanki. Da ladabi, habibti, 'yata. Ita ma tsoro take ji kamar ke."

Da Auta ta koma gida, ta sami Umma a kicin tana yanka albasa. Ta tsaya a gefenta.

Ta ce, "Umma, ina so a kira Yaya Bandar. Zan gaya masa abin da na yi, ko yana da sauran wasannin."

"Tayyib."

"Umma, kuma na ji abin da duktur ya ce ranar sallama."

Wuƙar ta tsaya. Umma ba ta juyo ba.

Auta ta ce, "Yaya yana zaton ba zai taɓa tafiya ba. Abin da yake zato ya fi gaskiyar muni. Da ya san ɗingishi ne kawai, wataƙila ya tashi."

Umma ta zauna a kan kujera. Hawaye suna zubo mata, kuma ba na albasa ba ne.

Ta ce, "Tun rasuwar babanku yayanki ne ƙarfina. Ban iya kallon idonsa in ce masa ƙafarsa ba za ta dawo ba."

"Sai mu shiga tare, Umma."

Bandar ya zo washegari. Auta ta tsaya a gabansa ta faɗi laifinta da bakinta, kunya kamar ta nutse. Ya ce ma'alesh, ba komai, yana da wasannin a kwamfutarsa. Ya sake zuba su a filash ɗin.

Bayan la'asar Umma da Auta suka shiga ɗakin Yaya. Umma ta buɗe labule. Ya rufe ido da hannu.

Auta ta durƙusa a gaban gadon. Ta ce, "Yaya, ka yafe mini. Na duba sakamako a wayar Umma. Na ga hoton mai jifa ya karye. Na ji tsoron in ka gani za ka karaya, shi ya sa na goge. Na ci amanarka, kuma na yi maka ƙarya a kan ƙanƙara. Ga wasannin, Yaya Bandar ya dawo da su."

Ya dubi filash ɗin, bai karɓa ba. Ya ce, "Me zan kalla? Na riga na san sun sha kashi."

Umma ta zauna a bakin gadon. Ta kama hannunsa.

Ta ce, "Laifin ba nata ba ne ita kaɗai. A wurina ta koya. Ka tambaye ni abin da duktur ya ce, na ɓoye maka. Yau zan faɗa maka yadda ya faɗa. Ya ce za ka yi tafiya, amma da ɗingishi har abada. Ya ce in ka bar gwiwar ta sandare, sai keke. Iyakar maganarsa ke nan. Ban rage komai ba."

Yaya yana kallon ƙafarsa.

"Ɗingishi," ya ce a hankali.

"Ɗingishi."

"Akwai saura?"

Umma ta ja numfashi. "Baba Ɗan'auta ya rasu. Yau kusan wata guda."

Yaya ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya rufe fuska da tafin hannu ya yi kuka, irin kukan da Auta ba ta taɓa ganin babba ya yi ba. Umma ta bar shi ya yi. Da ya natsu ya karɓi waya, ya kira ɗan marigayin ya yi masa ta'aziyya, ya ba shi haƙurin jinkiri.

Ranar bai ce ya yafe ba. Bai kuma taɓa sandunan ba. Auta ta kwanta zuciyarta a cunkushe, tana ganin gaskiyar ma ba ta yi amfani ba.

Kwana biyu haka. A na uku, tana shirin makaranta, ta ji wani ƙara daga ɗakin Yaya. Ta leƙa. Yana zaune a bakin gado, ya kama gwiwar da hannu biyu yana lanƙwasa ta. Ta yi tauri ƙwarai. Jijiyoyin wuyansa duk sun tashi.

Bai ɗago ba ya ce, "Ki daina leƙe kamar mage. Zo ki riƙe mini dunduniya."

Ta jefar da jaka ta zo da gudu.

Aikin ya koma baya sosai. Abin da yake yi da sauƙi a da, yanzu sai da hawaye. Amma ya cika makon bai yi fashi ba. Ranar Juma'a ya ce, "Kunna na huɗu."

Auta ta ce, "Yaya, a nan ne mai jifa yake karyewa."

"Na sani. Kunna."

Suka kalla. Wasan ba daɗi. Wani ƙato ya faɗo wa mai jifa a ƙafa, ya kwanta bai tashi ba. Filin ya yi shiru. 'Yan wasan ɓangare biyu suka durƙusa. Da aka ɗauke shi, ya ɗaga hannu ɗaya ga 'yan kallo. Auta ta saci kallon Yaya. Idonsa ya yi ja, amma bai juya fuska bango ba.

Haka suka bi jajayen wasannin nan, Juma'a bayan Juma'a. Kakar ta yi muni ƙwarai. Sabon mai jifan yaro ne, yana ta jefa wa abokan hamayya ƙwallo. 'Yan kallo suka ragu. Wata rana an lallasa su har Umma ta ce a kashe, abin tausayi ne.

Auta ta ce, "Yaya, me ya sa kake kallo, alhali ka san ba za su ci ba?"

Ya ce, "Dubi fuskokinsu. Su ma sun san kofi ya wuce su. Amma kowane mako sai sun sa hula sun fito. Wannan nake son gani. Da kin bar mini masu daɗin kawai, da ban gan shi ba."

Da suka iso wasan ƙanƙara, Yaya ya kalle shi har ƙarshe. Ƙungiyar ta ci da ƙyar. Aka nuno mai jifa a gefen fili yana buga sandarsa a ƙasa don murna. A ƙarshen kakar, ƙungiyar ce ta ƙarshe a rukuninta.

Umma ta ce, "Duk wannan wahala, na ƙarshe?"

Yaya ya ce, "Na ƙarshe, Umma. Sai kaka mai zuwa."

Ba a daɗe ba mai koya masa motsa jiki ya ce ya gwada tafiya ba sanda. Umma ta tsaya a ƙofar falo, bakinta yana motsi da addu'a. Auta ta tsaya kusa da ita.

Yaya ya saki bangon da ke gefen gadonsa. Ya ɗaga ƙafar dama, ya ajiye. Jikinsa ya karkata gefe. Ya ɗaga ta hagu. A hankali, a hankali, ya ratsa ɗakin har ya dafa ƙofar. Rigarsa ta jiƙe da gumi.

Yana haki ya dubi ƙanwarsa. Ya ce, "Auta, yaya tafiyar? Ina ɗingishi?"

Umma ta buɗe baki, sai ta rufe. Auta ta ji tsohon tsoron nan ya taso mata. Ta haɗiye shi.

Ta ce, "Kana yi, Yaya. Sosai ma. Kamar agwagwa."

Umma ta ce, "Ke!"

Amma Yaya dariya yake yi, har sai da ya ƙara riƙe ƙofar don kada ya faɗi.

Auta ta ce, "Amma tun daga gado har nan ba ka taɓa bango ba. Ko sau ɗaya. Ina kallo."

Ya daina dariya. Ya dube ta da kyau. Ya ce, "Tunda ke kika faɗa, na yarda."

Ya ɗora hannunsa a kanta. "Na yafe miki, Auta. Tuntuni ma."

A ranar yarinyar ta gane abin da ba ta sake mantawa ba. In kana son mutum, kada ka ɓoye masa gaskiya, kuma kada ka taɓa amanarsa ba da saninsa ba. Ka faɗa masa gaskiya da taushin murya, ka zauna kusa da shi ya ji ta. Wanda ya faɗa maka gaskiya mai ɗaci, shi za ka yarda da shi ranar da ya kawo maka mai daɗi.

Yaya ya juya ya dubi gadonsa a can ƙarshen ɗakin. Ya ce, "To agwagwa za ta koma. Umma, a ɗora shayi."